Kafin Ka Sayi Keken Gudu na Jariri, Fita Ka Duba Titinku

Keken tura jariri mai taya uku, irin wanda ake gudu da shi, ya fara shigowa garuruwanmu. Jefi-jefi ana ganinsa a bakin tafkin Jabi ranar Asabar da safe, ana ganinsa a jingine a shagunan kayan jarirai na gwanjo, wani lokaci kuma yakan zo cikin kayan barka daga 'yan'uwa mazauna Ingila ko Amurka. Duk wanda ya saba fita gudu kafin a yi masa ƙaruwa, da ya ɗora ido a kansa sai ransa ya biya, domin ga dabarar da za ta haɗa masa motsa jiki da reno a lokaci guda. Ina da shi, ina gudu da 'yata a cikinsa a nan Abuja, don haka ba shaci-faɗi nake ba. Abokan gudu da aka yi wa haihuwa sukan tare ni da tambaya ɗaya: wane kamfani ya fi? Amsata ba ta cika yi musu daɗi ba. Nakan ce sunan kamfani shi ne abu na ƙarshe. Gobe da asuba ka fita daga ƙofar gidanka a ƙasa, ka bi hanyar da kake nufin gudu a kai, idonka a ƙasa maimakon a agogo. Abin da ka gani shi zai gaya maka irin keken da ya dace da kai, kuma sau da yawa abin da zai gaya maka shi ne ka riƙe kuɗinka.

Dalilina yana cikin tarihin abin. Wani ɗan jarida Ba'amurke, Phil Baechler, shi ya ƙirƙiro shi a garin Yakima na jihar Washington a farkon shekarun 1980. An yi masa haihuwa, ba ya son barin gudu, ba ya kuma son barin yaron a gida, sai ya haɗa tayoyin keke da 'yan ƙarafa ya yi wa ɗansa mazauni. A 1984 abin ya zama kamfani, wanda aka sani da Baby Jogger. Abin da Baechler bai sha wahalar ƙirƙirowa ba shi ne hanya. A shimfiɗe ya tarar da ita: gefen titi na masu tafiya a ƙasa, filayen shaƙatawa, direbobin da tara ta koya wa tsayawa. Akwai kuma hukumar da ke karɓar ƙorafi idan taya ta fice, da ƙa'idar ƙira da ta zama tilas a kan duk keken jarirai da za a sayar a Amurka tun 2015. Mu kuwa keken kaɗai ke iso mu cikin kwantena. Titin da dokar suna can inda aka baro su.

Shi kansa keken ba wani sirri ne da shi ba. Tayoyi ne suka raba shi da keken jarirai na yau da kullum. Na baya manya ne, galibi inci 16, ta gaba inci 12 ko 16, kuma yawanci na iska ne masu tiyub irin na keken hawa. Girman taya da iskar cikinta su ke shanye gargadar hanya kafin ta kai ga ƙashin bayan yaro, masu kyau kuma akan ƙara musu sifirin. Ƙananan tayoyin roba na keken yawo, da ka ɗan ɗaga ƙafa za su fara karkarwa, tsakuwa guda ta isa ta tokare su. Tayar gaba ce ke son natsuwa. Akwai kafaffiya wadda ba ta juyawa ko kaɗan, sai ka danna hannun keken ƙasa, gaban ya ɗaga, sannan ka sha kwana. Akwai mai juyawa, wadda ake kullewa da ɗan maɓalli lokacin gudu, a sake ta lokacin yawo. Ga mai ƙarfin keke ɗaya, ta biyun ta fi, da sharaɗin zai riƙa tuna kulle ta. Tayar da aka bari a sake tana iya kama rawa ana tsakar gudu, ta juya a gicciye, keken ya kife da yaro a ciki.

Sai ɗamarar da ke riƙe yaro ta wuri biyar, kafaɗu biyu, ƙugu biyu da tsakanin cinyoyi, da igiyar da mai gudu ke zurawa a wuyan hannunsa don kada keken ya kufce ya yi gaba shi kaɗai idan ya yi tuntuɓe. Birkin hannu kuwa gari ne ke yanke hukuncinsa. Mutumin Kano ko Maiduguri, inda ƙasa take a shimfiɗe, zai iya yi babu shi. Wanda zai gangaro daga tudun Asokoro ko Katampe, ko mazaunin Jos, da keke mai kilo 12 ko 13 ga nauyin yaro a kai yana jansa gaba, zai san amfaninsa tun ranar farko. Kada kuma taya uku ta ruɗe ka. Kamfanin Baby Jogger ɗin nan da kansa, yawancin kekunan da yake sayarwa yanzu, irin su City Mini, ya rubuta ɓaro-ɓaro a takardarsu cewa ba na gudu ba ne. Mai shago ba zai gaya maka haka ba, ba don mugunta ba, shi ma bai karanta ba.

To, mu koma titi. Abuja gari ne da aka zana a takarda kafin a aza tubali, kuma ban san wani gari a arewa da ya kai ta gefen titi na masu tafiya a ƙasa ba. Duk da haka gwada tura keke rabin kilomita a unguwa irin tamu. Za ka fara lafiya lau a kan intalok. Taku kaɗan sai ga kwalbati an sace murfinta, rami ya hangame baki, wani mai tausayi ya soka reshen darbejiya a ciki don gargaɗi. Ka sauka kan kwalta ka kewaye, sai ka tarar dakalin gefen titin ya haura taƙi guda, babu gangara, dole ka ɗaga gaban keke ka hau. Gaba kaɗan wani ya faka jif ɗinsa a kai. Gaba da shi tifa ta juye yashin mai gini. Gaba da wannan mai shayi ya kafa tebur da benci, kodayake ba na ganin laifinsa kamar na mai jif, shi abinci yake nema. Wanda ke gudu shi kaɗai yana tsallake duk wannan bai ma lura ba. Sai ka zo da taya kake sanin halin da hanya take ciki.

Ƙarshenta mutum yakan haƙura ya koma kan kwalta, kafaɗa da kafaɗa da motoci. A nan nake ja da duk mai cewa ai da asuba titi babu kowa. Titin da babu kowa shi direba ya fi taka mota a kai, ga duhu, ga fitilun titi rabinsu a mace. Keken kuma a gabanka yake, shi ke fara shiga mararraba kafin kai, ya kuma yi ƙasa da inda mai babbar mota zai hango shi. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, fiye da ɗaya cikin biyar daga cikinsu masu tafiya a ƙasa ne, kuma idan aka auna da yawan jama'a nahiyar Afirka ce kan gaba. Babba yana iya cewa ya ɗauki kasada da ransa. Ba shi da hurumin ɗaukar wa ɗan wata takwas.

Saboda haka sharaɗina ɗaya ne, kuma ba na sassauta shi: sai kana da wurin da mota ba ta gudu. Rukunin gidaje mai geti, harabar jami'a irin ta Samaru ko sabon mazaunin Jami'ar Bayero, bariki, filin wasa, lambu irin Millennium Park a Maitama, ko Dandalin Murtala a Kaduna. Idan sai ka shiga mota kafin ka isa wurin, auna but ɗin motarka tun kafin ka biya, domin keken gudu ko an naɗe shi ƙato ne, wani ma sai an zare tayoyin baya yake shiga. Mai hawa A Daidaita Sahu kuwa sai dai ya yi shata kullum, kuma da wuya wannan ya ɗore.

Hanyar burji ta bayan gari, idan babu ababen hawa, ta fi mini kwalta mai cunkoso, don irinta aka yi manyan tayoyin. Abokin gabarka a can tsidau ne. Tayar iska da tsidau ba sa ga maciji, ranar da ka shiga gonarsa da ƙafa za ka dawo kana jan keke. Sauƙin abin shi ne tiyub mai inci 16 irin na keken yara ne, ana samunsa wurin masu kayan keke, kowane mai faci kuma ya iya. Ka dai tsaya a kansa lokacin ba da iska. Hannunsa ya saba da tayar mota, injinsa ma haka, ƙiftawar ido ya isa ya fasa maka tiyub. Nakan ce, "Malam, a hankali, ba ta mota ba ce." Yawan iskar da tayar ke ɗauka yana rubuce a jikinta, ɗan famfon hannu a gida ya raba gardama.

Na san abin da wasu ke faɗa tun daga layin farko: wannan ai fi'ilin 'yan boko ne, iyayenmu da zani da majanyi suka rene mu. Haka ne, kuma ba ni da abin cewa game da goyo sai yabo. A irin titin da na bayyana, goyo ya fi kowane keke. Hannu biyu a sake, yaro yana jin ɗumin uwarsa, babu kwalbatin da za ta tare ta, ta shiga kasuwa ta hau mota. Turawan ma sun dawo suna sayen abin goyo da tsada. Wadda tafiya kawai za ta yi, ko da ta sauri ce, ba ta buƙatar keke. Amma ba a gudun kilomita biyar da goyo. Kowane taku yana jijjiga kan yaro, zafin jikin mai gudu yana haɗuwa da nasa, in kuma aka faɗi tare aka faɗi. Shi gudun ma ba fi'ili ba ne. Iyayen namu da ake kafa hujja da su, daka da surfe da ɗebo ruwa da noma sun ishe su motsa jiki. 'Yarsu ma'aikaciyar banki daga kujerar mota sai kujerar ofis, ga hawan jini da ciwon suga sun zama ruwan dare a gidajenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar har mai ciki da mai jego da su samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, muddin likita bai hana ba.

Sabon uba ɗoki ne ke cinsa, shi ya sa nake nanata maganar watanni. Jariri kansa ya fi ƙarfin wuyansa, jijjigar gudu kuma ba irin ta tafiya ba ce, komai kyan sifirin. Wasu kamfanonin sun ce a jira wata 6, kamfanin BOB, mai ƙera keken gudu, ya ce wata 8. Ma'aunin da ya fi lissafin kwanaki shi ne yaro ya riƙe kansa sosai, ya zauna da kansa ba tare da an tokare shi da filo ba, kuma a tambayi likitan yara a ranar awo. Akwai ƙarfen da ake ɗora kujerar mota ta jarirai a kan keken don a fita da sabon haihuwa, wannan na tafiya ne kawai, ba na gudu ba. Ma'ana keken da aka kawo ranar suna zai yi rabin shekara bai yi aikin da aka saye shi dominsa ba. Babu dalilin sa shi cikin lissafin kayan haihuwa, ga rago ga kuɗin asibiti. Ka bari watannin rashin barci su wuce, ka ga ko har yanzu kana cikin masu fita da asuba. Da yawa sukan gano amsar ba tare da sun kashe ko kwabo ba.

Idan uwar ce mai gudun, jiki biyu ake lissafi. A al'adarmu arba'in ce iyaka: an gama wankan jego, an yi kitso da lalle, an fita yawon arba'in, shi ke nan mace ta koma daidai. Asibiti ma ganin mako shida yake yi ya sallame ta. Gudu kuwa ba yawon arba'in ba ne. A 2019 wasu ƙwararru uku a fannin gashin ƙashi da tsoka a Birtaniya, Tom Goom da Gráinne Donnelly da Emma Brockwell, suka fitar da jagora kan komawa gudu bayan haihuwa, suka ce kada a fara kafin wata uku. Dalilinsu shi ne tsokokin da ke tallafe da mahaifa da mafitsara da hanji sun ɗauki nauyi wata tara, sun kuma sha miƙewa ranar naƙuda, gudu kuma duka ne a kansu a kowane taku. Sun ba da gwaje-gwaje masu sauƙi da mace za ta yi a tsakar gida: ta yi tafiyar minti 30, ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta yi sassarfa a wuri guda na minti ɗaya, ta yi 'yar ɗingisa da tsalle, duk ba tare da ciwo ko ɗigar fitsari ko jin nauyi a ƙasan mara ba. Ɗigar fitsarin nan mata da yawa suna ɓoye ta don kunya, manya kuma su ce haka haihuwa ta gada. Alama ce cewa jiki bai shirya ba, kuma ana maganinta. Wadda aka yi wa tiyata ita ma ba ta tsira ba, cikin ta ɗauka, ga kuma ɗinki.

Akwai wani abin da mu ya fi shafa fiye da matan Ingila. Arewacin Najeriya yana cikin wuraren da ciwon zuciya na bayan haihuwa ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kansa, suka danganta shi da wankan ruwan zafi da kwanciya a gado mai wuta da yawan shan kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna talauci da ƙarancin wasu sinadaran abinci su ma suna da hannu. Ko mene ne sanadi, alamunsa sanannu ne: haki, kumburin ƙafa, tari da dare, kasa kwanciya rigingine sai an tara filo. Mai jegon da ta fita ta ji numfashinta yana sama-sama, kada ta ce rashin sabo ne ta ƙara himma, kada kuma maigida ya ce lalaci ne. Asibiti za ta, a duba zuciyar.

Shi ya sa nake ganin wanda ya fi cancanta ya riƙe hannun keken a shekarar farko shi ne uban. Uba ne ya ƙirƙiro shi, jikin uba kuma bai yi naƙuda ba. Babban amfanin keken ba a rubuta shi a kwali ba: awa guda ce da gida zai yi tsit. Matar da ta kwana shayarwa babu abin da take so da ƙarfe shida na safe kamar a ɗauke mata yaron ta runtsa, ko ta yi wanka ba kunnenta a ɗaki ba. Mai gudun zai rage sauri, takunsa zai gajarta, hannu ɗaya ba zai yi lilo yadda ya saba ba, wani lokaci a tsakiyar hanya za a tsaya neman takalmin da aka jefar. Wanda ke neman karya tarihin kansa ya ware wa wannan wata rana dabam.

Abin da ke hana mazanmu ba nauyin keke ba ne, kunya ce. Mu mutane ne da uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya turo shi titi gari yana kallo. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta taɓa tare ni a bakin geti, ta ce, "Kai ɗan nan, ina uwar tata? Lafiya dai ko?" Na ce, "Lafiya ƙalau, Hajiya, barci take." Ta dube ni, ta dubi keken, ta ce, "Oh ni, zamani!" Sannan ta sunkuya ta gyara wa yarinyar hula, ta ce in rufe mata kunne saboda iska. Ita da sauƙi. Masu zaman majalisa ne za su laƙaba maka mijin-ta-ce. Alkunya abu ce mai kyau a muhallinta, a gaban iyaye da surukai, amma ban san inda ta ce a bar wa mace reno ita kaɗai ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, ya kuma yi tseren gudu da Nana A'isha. Wanda ya ga namiji da jariri a hanya ya ji wani iri, ya san dai ba addini ne ya sa shi ba.

Yanayinmu ma ba na Yakima ba ne. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, jariri kuma ba ya iya sauke zafi kamar babba, kai kana shan iskar gudu shi yana zaune cikin leda da soso. Hannun uwa yakan kai ga zani ta lulluɓe keken don rana, masu bincike a Jami'ar Sydney kuwa sun auna sun ga busasshen mayafi ƙara zafin ciki yake yi, jiƙaƙƙe marar kauri ne ke rage shi. Ka nemi keke mai faffaɗar rumfa da raga ta baya da iska ke ratsawa, ka fita kafin rana ta ɗaga. Fitar asuba kuma lokacin sauro ne, sai an sa gidan sauro na keke. Ranar da hazon hunturu ya sauko har ba ka hango ƙarshen layi, a bar yaro a gida. Ka kuma tuna hancinsa yana daidai tsayin salansar mota.

Sai kuɗi. Sabo dal na manyan kamfanoni irin su Thule da BOB daga wajen dala 500 yake tashi, kafin kuɗin jirgi da na kwastan. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024, kusan albashin wata goma ke nan. Don haka yawancinmu gwanjo muke nufa, kuma babu aibi, na hannu mai kyau ya fi sabon jabu. Amma akwai labarin da ya kamata duk mai shiga gwanjo ya sani. A Fabrairun 2018 hukumar da ke sa ido kan lafiyar kayan masarufi a Amurka ta shigar da ƙarar kamfanin Britax, mai kekunan BOB a lokacin, tana neman a tilasta masa janye kusan rabin miliyan daga hannun jama'a. Ƙorafin shi ne tayar gaba tana ficewa ana cikin tafiya, gaban keken ya caki ƙasa. Hukumar ta ce ta samu rahoto wajen 200, yara da manya kusan ɗari sun ji rauni. Matsalar tana wurin ɗan hannun da ake ɗaure tayar da shi ba tare da sifana ba, irin na keken tsere. Kamfanin ya ce mutane ne ba su iya ɗaurewa ba. Kafin shekarar ta ƙare aka yi sulhu ba tare da janyewa ba, aka yi bidiyon koyarwa, aka raba wa masu nema wani ƙarfen ɗauri, wanda shi ma a 2019 sai da aka janye wani nau'insa saboda yana karyewa.

Kekunan da ake magana a kansu waɗanda aka ƙera ne zuwa 2015. Yaran da aka tura a cikinsu sun girma, kayan da yara suka girme wa kuwa su ke cika kwantenar gwanjo. Ba'amurken da ya saya a kanti, in kamfani yana da lambarsa, ana iya aika masa saƙo. Kai da ka saya a Karmo ko Ƙofar Wambai babu mai lambarka. Dole kai ka zama hukumar kanka. A jikin ƙarfen keken akwai 'yar takarda manne mai ɗauke da samfuri da ranar ƙira, ka buga su a wayarka nan a gaban mai shago, shafin hukumar ta Amurka kyauta ne. Zai ce maka, "Yallaɓai, ɗan Beljiyam ne, ko wata ba a yi da shi ba." Ka yi murmushi, ka ɗaga gaban keken ka bugi tayar da tafin hannu ka ga ko tana motsi a mazauninta. Ka tura shi a fili ka saki, idan yana jan gefe ka duba ko akwai maɓallin saita shi, in babu, kafaɗarka ce za ta biya. Ka taka birki ka tura da ƙarfi. Ka fizgi ɗamara, ka kulle maɓallinta ka buɗe. Ka naɗe keken ka ware, ka saurari ƙarar kullewa. In ka ga inda mai walda ya taɓa, ko an ɗaure wani wuri da waya, ka yi sallama komai arha.

Wani zai ce duk wannan damuwar 'yan tsiraru ce masu hali, ina ruwan talaka da keken dala 500? Da keken babu ruwansa. Da dakalin da ya tare keken kuwa, ya fi ni ruwa. Ramin da nake kewayewa sau ɗaya da safe, mai keken guragu kullum yake fama da shi, haka mai ruwa da kurarsa, da ɗan dako da baronsa, da makaho da sandarsa, da ɗan firamare da aka tilasta wa sauka kan kwalta. A Amurka ba masu tura jarirai ne suka samo gangarar gefen titi ba. Masu lalurar nakasa ne suka yi gwagwarmayarta, tun daga garin Berkeley a shekarun 1970 har ta shiga dokar ƙasa a 1990, iyaye suka ci albarkacinsu. A Landan kuma wani gudun kilomita biyar na kyauta, parkrun, ya faro a lambun Bushy a 2004 da mutane ƙalilan, yanzu duk Asabar ana yinsa a ƙasashe da dama har da Afirka ta Kudu, masu keken jarirai suna bin sahu. Abin da ya buƙata kawai lambu ne a buɗe da hanyar da mota ba ta bi.

Abubuwan da nake nema daga hukumominmu ba na biliyoyi ba ne. A buɗe filayen wasa da harabar makarantun gwamnati ga jama'a tsakanin sallar asuba da ƙarfe takwas. A ci tarar mai faka mota a hanyar masu tafiya a ƙasa, ko lambar gwamnati ce a jikinta. A rufe kwalbatoci da murfin kankare, wanda ɗan jari-bola ba shi da kasuwarsa. Hukumar kare haƙƙin masu saye da ta kula da ingancin kaya su riƙa sanar da kayan jariran da aka janye a ƙasashen da muke kwaso gwanjo, da Hausa, a rediyo. Ita gangara ma ba sabuwar doka take jira ba. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ambaci gefen titi da wuraren tsallakawa, ta kuma ba da shekara biyar a gyara. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Bayan cikarsa aka sake shimfiɗa intalok a layinmu, ɗan kwangila ya mayar da dakalin yadda yake, babu gangara ko ɗaya, injiniyan da ya duba aikin kuma ya sa hannu aka biya.